MIYAU DA BUSHEWAR BAKI: ABIN DA YA KAMATA KOWANE MALAMI YA SANI

Hausawa sun daɗe da sanin darajar miyau a wajen magana. In manzo ya zo da izinin Sarki, sai a ce ya zo da yawun Sarki. In an yi ta yi wa mutum gargaɗi bai ji ba, sai a ce wa mai gargaɗin ya daina ɓata yawun bakinsa. In kuwa mai jin yunwa ya wuce ta bakin tukubar mai tsire, sai ya ce miyansa ya tsinke. Wasu su kan ce yawu, wasu su ce miyau, duk abu ɗaya ne. Amma duk da yawan ambatonsa da mu ke yi, mutane kaɗan ne su ka taɓa tambayar daga ina wannan ruwa ya ke fitowa, mene ne aikinsa, me kuma ke sa ya ƙafe.

Wannan tambaya ta fi shafar masu karanta jaridar nan. Malamin makaranta da baki ya ke aiki tun daga safe har a tashi. Akawu kuma shi ke karanta takarda gaban manya, shi ke yi wa talakawa bayani a ofis. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a ya ji harshensa ya manne da ganɗa, kalma ta ƙi fita, ya san abin da a ke nufi. Sau da yawa abin ba kome ba ne, moɗa guda ta ruwa ta warkar da shi. Amma wani lokaci bushewar baki ita ce ɗan aike na fari da wata babbar cuta ke aikowa, wanda ya kore shi kuwa bai saurari saƙon ba, ya kan yi da-na-sani. Don haka mu ka ga ya kamata mu bi maganar daki-daki.

INDA MIYAU KE ƁUƁƁUGOWA

Allah ya halitta wa mutum manyan maɓuɓɓugai guda shida, uku a dama, uku a hagun. Wasu tsokoki ne masu taushi waɗanda ke tace ruwa daga cikin jini, su gauraya shi da wasu abubuwa, sa'an nan su turo shi cikin baki ta wasu siraran bututai.

Mafi girma su ne biyu da ke gaban kunnuwa, bisa ƙashin muƙamuƙi. Su ne ke kumbura in yaro ya kamu da hangum. Bututunsu ya na buɗewa ne a cikin kunci, daura da turamen haƙoran sama. Wani ɗan ƙasar Denmak, Niels Stensen, shi ya gano wannan bututu a 1660, sa'ad da ya ke feɗe kan tunkiya a birnin Amsterdam, har yau kuma da sunansa likitoci ke kiran bututun. Biyu na biye su na ƙarƙashin muƙamuƙi, bututunsu ya na fitowa a gindin harshe. Wani likitan Ingila, Thomas Wharton, ya bayyana shi a 1656. Biyun ƙarshe, waɗanda su ka fi ƙanƙanta, su na kwance ƙarƙashin harshe. Ban da waɗannan shida akwai wasu ƙanana ƙwarai, ɗaruruwa, a warwatse cikin leɓɓa da kunci da ganɗa, su ne ke sa fatar cikin baki ta zauna da santsi kullum.

Baligi mai lafiya ya kan fitar da miyau daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kwana guda, watau daga ledar ruwa ɗaya zuwa uku. In mun ɗauki lita ɗaya, a shekara ya zama lita 365, fiye da durom ɗaya da rabi ke nan, kusan duk kuwa haɗiye shi mu ke yi ba mu sani ba. Kada wannan ya ba ku mamaki, gama babbar saniyar madara ta kan fitar da fiye da lita 100 a kwana guda don tuƙar da ta ke yi.

Zubar miyau ba daidai ta ke ba a kowane lokaci. In mutum na zaune ba ya cin kome, sai ya yi kamar minti 15 kafin ya tara cikin ƙaramin cokali na shayi, kashi biyu cikin uku kuma daga maɓuɓɓugan ƙarƙashin muƙamuƙi ya ke zuwa. Da ya fara tauna sai na gaban kunne su buɗe, zubar ta ninka sau da yawa. In ya yi barci kuwa sai ta kusa tsayawa cak. Wannan shi ya sa kowa ke tashi da safe da baki a bushe, da ɗan wari.

Ƙwaƙwalwa ce ke ba da umurni, ta hanyar jijiyoyi masu kai saƙo. Ɗanɗano, da tauna, da ƙanshi, duk su na tayar da maɓuɓɓugan, tsami kuwa ya fi kome. Wani masani ɗan Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa kan narkewar abinci, ya nuna cewa karen da ya saba jin wata ƙara kafin a ba shi abinci, daga baya ƙarar kaɗai ta isa ta tsinka masa miyau.

AMFANINSA

Kusan kashi 99 cikin 100 na miyau ruwa ne. Ɗan abin da ya rage shi ke yin aikin mamaki.

Na fari, shi ke jiƙa loma ya dunƙule ta, ta wuce maƙogwaro ba wahala. Akwai wani abu mai yauƙi a cikinsa, aikinsa kamar na miyar kuɓewa ga tuwo.

Na biyu, shi ke kai ɗanɗano ga harshe. Malamai su na iya gwada wannan a aji. A sa yaro ya goge harshensa da tsumma mai tsabta har ya bushe, a ɗora masa sukari kaɗan. Ba zai ji zaƙi ba sai miyau ya dawo ya narkar da shi.

Na uku, narkar da abinci a baki ya ke farawa. Cikin miyau akwai wani sinadari, amilas, wanda ke farfasa sitaci ya mai da shi sukari. Wani Bajamushe, Leuchs, ya lura da haka a 1831. Duk wanda ya daɗe ya na tauna gurasa ko burodi bai haɗiye ba zai ji ya fara ɗan zaƙi, aikin amilas ke nan.

Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne tsaron haƙora. Duk sa'ad da mu ka ci zaƙi, ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki su kan mai da shi tsami, tsamin kuwa ya na cin jikin haƙori. Miyau ya kan wanke tsamin, ya kashe kaifinsa da wani gishiri mai aiki irin na kanwa, sa'an nan ya mayar wa haƙori da ma'adinan da ya rasa. Har ila yau ya na ɗauke da abubuwa masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Ɗaya daga cikinsu, laisozayim, Alexander Fleming ne ya ba da labarinsa a 1922, shi ne kuma mutumin da ya gano fenisilin a 1928.

Na biyar, magana. Harshe da leɓɓa ba su iya juyawa da sauri sai da santsi.

To, kun ga ashe gaskiyar masu iya magana, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

ABUBUWAN DA KE ƘAFAR DA SHI

1. Ƙarancin ruwa a jiki. Tun da ya ke daga jini a ke tato miyau, in ruwan jiki ya ragu sai jiki ya yi tattali, ya rage miyau, ƙishirwa ta taso. A watan Afrilu zafi ya kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, mai aiki a rana kuwa ya na iya zubar da zufa fiye da lita guda cikin awa ɗaya. Zazzaɓi, da zawo, da amai, duk su na yin wannan ɓarna. Ga babba abin ya na da sauƙin gyara, amma ga jariri ya na iya zama ajali. In yaro mai zawo ya bushe baki, idanunsa su ka faɗa, maɗigarsa ta lotsa, ya na kuka ba hawaye, fitsari ya ɗauke, to ruwan jikinsa ya ƙare ƙwarai, asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba.

2. Numfashi ta baki. Da hunturu iska ta kan bushe ƙwarai, ga ƙura, ga mura mai toshe hanci. Wanda hancinsa ya toshe, ko mai minshari, da baki buɗe ya ke kwana, ɗan miyan da ke akwai sai iska ta busar da shi. Nan maɓuɓɓugan lafiyarsu lau, gyaran ya na ga hanci.

3. Tsoro da fargaba. In mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa ta kan tsai da miyau mai ruwa-ruwa, a bar ɗan kaɗan mai kauri. Sabon malami ranar da mai duba makarantu ya shigo ajinsa ya san wannan. An ba da labari a ƙasar Indiya a zamanin da a kan ba wanda a ke tuhuma busasshiyar shinkafa ya tauna ya tofar, in ta fito a bushe sai a ce shi ne mai laifi. Kowa ya duba zai ga zaluncin da ke ciki, gama mai gaskiya matsoraci bakinsa zai bushe, ɓarawo mai taurin zuciya kuwa ya tsira. Masu aiki a kotu su riƙe wannan: rawar murya da bushewar baki alamar tsoro ce, tsoro kuwa ba shaidar laifi ba ne.

4. Magunguna. In bushewar baki ta daɗe, wannan shi ne sanadin da likitoci su ka fi samu. Magunguna ɗaruruwa ke jawo ta. Daga cikinsu akwai na mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, da na murɗar ciki irin su Buscopan, da wasu na hawan jini, musamman masu sa yawan fitsari, da na ciwon damuwa irin su amitiriftilin, da masu kashe zafin ciwo irin su taramol da kodin. Da yawansu su na tare saƙon da jijiya ke kai wa maɓuɓɓugan. Mutum ya kan ɗauka tsufa ne ke busar wa dattawa baki, alhali tsufa shi kaɗai ba ya rage miyau da yawa. Abin da ke faruwa shi ne dattijo ya fi kowa haɗa magunguna uku ko huɗu a rana, kowanne kuwa ya na ƙara nasa.

5. Taba, da giya, da wiwi. Dukansu su na busar da baki, taba da giya kuma su ne kan gaba wajen jawo ciwon daji na baki. Goro ma a yi hattara da shi. Taunarsa ta na tsinka miyau na ɗan lokaci, amma baurinsa ya na ɗauke santsin baki, ya bar shi da kaushi.

6. Ciwon sukari. Nan ne mu ke roƙon mai karatu ya natsu. In sukari ya yi yawa a jini, ƙoda ta kan fitar da shi ta fitsari, shi kuma ya ja ruwa mai yawa ya tafi da shi. Sai mutum ya yi ta fitsari, ya yi ta shan ruwa, baki bai daina bushewa ba. Ku ɗauki misalin malami ɗan shekara 45 wanda ya fara ajiye buta cike da ruwa a gefen teburinsa, ya na tashi fitsari sau huɗu ko biyar da dare, wandonsa ya fara yi masa yawa, ga kasala, ga gani ya na dishi-dishi. Zai ce zafin gari ne, ko yawan magana a aji. In ya bar abin shekara da shekaru, ciwon ya na nan ya na cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye. Awon kuwa ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, ba ya cin minti biyar.

7. Cututtukan da ke taɓa maɓuɓɓugan kansu. Akwai wata cuta wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi maɓuɓɓugan miyau da na hawaye. Wani likitan ido ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, ya bayyana ta a 1933, da sunansa kuma a ke kiranta. Cikin masu ita goma, kamar tara mata ne, galibi waɗanda su ka fara manyanta. Alamarta baki a bushe, ido kamar an zuba yashi, sau da yawa da ciwon gaɓoɓi. Cutar ƙanjamau ma ta kan kumbura maɓuɓɓugan gaban kunne ta rage miyau. Haka kuma wanda a ka gasa wa ciwon daji na kai ko na wuya da haske a asibiti, hasken ya kan lalata maɓuɓɓugan, wani lokaci har iyakar rai. Sa'an nan akwai tsakuwa da kan fito ta toshe bututu, galibi na ƙarƙashin muƙamuƙi. Alamarta ba ta ɓuya: da mutum ya fara cin abinci sai ƙarƙashin muƙamuƙinsa ya kumbura da zafi, bayan an jima ya saɓe.

ƁARNAR DA KE BIYO BAYA

Likitoci su na da hanyar awo mai sauƙi. A kan sa mutum ya zauna shiru ya tara miyansa cikin ƙoƙo har minti 15. In abin da ya taru bai kai sulusin ƙaramin cokali ba, to lalle miyau ya yi ƙaranci.

Wanda ya daɗe a haka, haƙoransa ne ke fara biyan bashi. Mutumin da ya kai shekara 50 bai taɓa ciwon haƙori ba sai ya ga sun fara ruɓewa da sauri, musamman daga gindi, kusa da dasashi. Baki ya yi wari, leɓɓa su tsage a kusurwa, harshe ya yi ja ya na raɗaɗi, wani farin abu kamar kindirmo ya fito a kansa. Busasshen abinci irin su ƙuli-ƙuli da gurasa ba su haɗiyuwa sai da ruwa. Tsoho ya rage ci don wahala, ya rame, 'yan gida su na cewa tsufa ne.

MAGANAR AZUMI

Mai azumi dole bakinsa ya bushe, don ba ya sha kuma ba ya tauna, warin baki ma ya kan ƙaru. Ga mai lafiya wannan ba cuta ba ce, da an sha ruwa ta wuce. Abin da ya kamata shi ne a rarraba shan ruwa tsakanin buɗa baki da sahur, a rage gishiri da yaji da sahur. Malamai sun bayyana cewa haɗiye miyan bakin mutum ba ya karya azumi, saboda haka yawan tofar da yawu da wasu ke yi duk yini ƙara wa kai ƙishirwa ne kawai, ga ƙazantar da hanya da ofis. Mai ciwon sukari kuwa, da mai ciwon ƙoda, su ga likita tun watan bai kama ba.

ABIN DA ZA A YI

A riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada a jira sai ƙishirwa ta yi tsanani. Malami ya shiga aji da ruwansa, ya kuma bar yara su sha nasu, musamman da bazara.

A tayar da maɓuɓɓugan da tauna. Asuwaki ya na da kyau ƙwarai, gama ya na goge haƙori ya na kuma tsinka miyau. Cingam marar sukari ma ya na taimako. Amma a guji tsotson alewa da shan lemun kwalba don jiƙa baki, gama zuba sukari a busasshen baki kiran ruɓewar haƙori ne. Tsamiya da lemun tsami su na kawo miyau, amma tsaminsu ya na cin haƙori in an mai da su abin kullum.

A goge baki safe da dare da man goge baki mai fulorayid, na dare ya fi muhimmanci tun da miyau ba ya aiki cikin barci. A shafa man kaɗanya ko basilin a leɓɓa da hunturu. A bar taba.

In bushewar ta fara ne bayan an soma wani magani, kada mutum ya daina sha da kansa, balle na hawan jini. Ya kwashi magungunansa duka, har da na gargajiya, ya kai wa likitan ya gani. Sau da yawa a kan rage yawansa, ko a sauya lokacin sha, ko a musanya shi da wani. Ga waɗanda maɓuɓɓugansu su ka lalace akwai miyau na haɗawa da a ke fesawa a baki, akwai kuma maganin da a ke kira filokafin, wanda asalinsa daga ganyen wani tsiro na ƙasar Barazil ya ke, amma likita kaɗai ke ba da shi.

Yaro mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari tun bakinsa bai bushe ba. Ƙunshin da a ke bayarwa a asibiti shi ya fi. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, watau leda biyu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a dama, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, uwa kuma ta ci gaba da ba da nono.

A ƙarshe ga lokutan da ba a zama gida. In bushewar baki ta wuce mako biyu ko uku ba a san dalili ba. In ta zo da yawan fitsari da rama. In ta zo da bushewar ido. In an ga kumburi gaban kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi wanda ya ƙi saɓewa. Ko in wani gyambo ya fito a baki ya yi mako uku bai warke ba, to a tafi asibiti a nemi awo.

Malamai, ku ne idon jama'a. A ƙauye da yawa malamin makaranta ko na ofis shi ne wanda a ke kawo wa takarda ya karanta, shi a ke tambaya in abu ya shige duhu. In kun ga abokin aiki ba ya rabuwa da buta, ya na ramewa, ku ba shi shawara ya je a auna jininsa. In kun ga uwa da yaro mai zawo, ku koya mata haɗin nan. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.